Kyamarar fim marar tagar leƙe: gilashin 15, 21, 25, ko a haura sama?

Ranar da Bessa L ta fara shiga hannuna, kafin in yi tunanin komai na ɗaga ta na kai ido, kamar yadda hannu ya saba da kowace kyamara. Babu huda, babu wurin leƙawa, sai baƙin murfi da wasu 'yan fitilu uku. Na san haka take tun kafin in biya kuɗi, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, amma duk da haka sai da na ji abin bambarakwai. Akwatin fim ce kawai: labule mai buɗewa da rufewa, ma'aunin haske, da baki mai zare inda ake murɗa gilashin gaba, wanda masu hoto ke kira lens. Abin da zai shiga hoto da abin da zai tsaya a waje, da ko fuskar mutum za ta fito tar ko dishi-dishi, duk an bar wa gilashin da ka zaɓa da idonka.

Kamfanin Cosina na Japan ne ya fito da ita a 1999, a ƙarƙashin tsohon sunan nan na Voigtländer wanda ya yi tashe a Jamus. Bakinta irin na tsoffin Leica ne, zare mai faɗin milimita 39, tazararsa da fim milimita 28.8. Labulenta yana gudu daga daƙiƙa ɗaya zuwa 1/2000, kuma ba ya jiran batir. Batir biyun da ke cikinta na ma'aunin haske ne kaɗai, ko sun mutu za ka ci gaba da ɗauka. Ba ita ce farau ba. Leica ta yi Ic a 1949, ta yi If da Ig bayanta, sannan jerin MD, galibi don masu aikin kimiyya da ke haɗa kyamara da madubin duba ƙwayoyin cuta, waɗanda tagar leƙe ba ta amfane su da komai ba. Daga baya, a 2006, aka yi Zeiss Ikon SW. Zan tsaya a kan Bessa L don ita na fi sani, kuma ita ce wadda mai ƙaramin ƙarfi ya fi iya kaiwa gare ta, amma lissafin duk ɗaya ne.

Abu biyu ka rasa a irin wannan kyamara, kuma mutane sukan cakuɗa su. Na farko iyakar hoto. Wannan yana da magani: akwai 'yar ƙaramar taga da ake zurawa a mazaunin filasha a saman kyamara, kowane gilashi da tasa. Na biyu sanin nisa. Tagar ɗorawa ba ta auna nisa, komai ka gani a cikinta garau yake, ko da zoben gilashinka yana can wani wuri daban. Nisa kai za ka ƙiyasta shi da ido, ka murɗa zobe zuwa lambar da ka ƙiyasta. Bessa T ta 2001 ta sha bamban a nan, domin tana da ma'aunin nisa ko da yake ba ta da tagar tsara hoto, saboda haka ita kusan kowane gilashi za ta ɗauka. Mai L ko If ko MD kuwa, tambayar da zai fara yi wa kowane gilashi ita ce: idan na yi kuskuren nisa, nawa za ka yafe mini? Kaifin gilashi, da kyawun launinsa, da sunan wanda ya ƙera shi, duk suna biyo bayan wannan.

Yafiyar kuwa lissafi ce, ba ta san tsada ko araha ba. A ce ka tsuke ƙofar haske, wato hudar da haske ke bi cikin gilashi, zuwa f/8 (lambar tana girma, ƙofar tana tsukewa), ka ajiye zoben nisa a wurin da zai ba ka mafi faɗin kaifi. Da gilashin milimita 15 (wannan lambar ita ce tsawon gilashi, tana ƙanƙancewa ganinsa yana faɗaɗa), wurin yana kusa da mita ɗaya, kuma komai daga rabin mita har ƙarshen gani zai fito. Da 21, ka sa zobe wajen mita 1.9, kaifi ya fara daga ƙasa kaɗan da mita ɗaya. Da 25, zobe a mita 2.6, kaifi daga mita 1.3. Da 28 sai ya koma mita 1.6, da 35 mita biyu da rabi, da 50 kuwa sai abin da ya wuce mita biyar. Dubi yadda ratar ke buɗewa: ninka tsawon gilashi sau biyu, nisan ya ninku sau huɗu. Idan kuma ka buɗe ƙofar haske abin ya ƙara tsanani. Gilashin 50 a f/2, mutum yana tsaye mita biyu daga gare ka, duk kaifin da kake da shi bai cika santimita 20 ba. Wa ke da idon da zai bambanta mita biyu da mita biyu da ɗani ɗaya, a cikin taro, mutumin ma yana motsi?

Akwai kuma saɓanin da ke tsakanin taga da gilashi. Tagar tana zaune sama da gilashin da kamar santimita biyar, don haka abin da take gani ya ɗan ɗara abin da fim ke gani. Daga nesa ba a lura. A mita ɗaya, gilashin 50 yana ɗaukar tsayin da bai kai rabin mita ba, santimita biyar ɗin nan kuwa kashi ɗaya cikin goma ne na hoton, ya isa ya fille wa mutum hula. Gilashin 15 a wannan nisan yana ɗaukar tsayin mita 1.6, saɓanin ya ɓace a ciki. Shi ya sa kyamarar da aka yi babu taga don a fita da ita waje, galibi da gilashi mai faɗin gani ake haɗa ta. Hasselblad ma haka ta yi tun 1954 da kyamararta mai gilashin Biogon na milimita 38.

To, gilasai biyu ne suka fito tare da Bessa L: Super Wide-Heliar na 15 mai f/4.5, da Snapshot-Skopar na 25 mai f/4. A tsakaninsu ne yawancin mutane ke kai-komo, kuma yawanci zuciya tana karkata ga na 15, don shi ne mai ban mamaki.

Ban mamakin gaskiya ne. Digiri 110 yake gani daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma layuka suna fitowa a miƙe, ba ya lanƙwasa su kamar gilashin idon kifi. Ka tsaya mita biyu daga bango, zai ɗauko maka faɗin mita 4.8. A cikin ƙaramin zaure, ko shagon tela, ko lungun da mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa, babu abin da zai yi aikinsa. Maganar saita nisa kuwa kusan ta ƙare; na kan yi wuni ban taɓa zoben ba. Kuma tunda gajere ne, kyamarar kuma ba ta da madubi mai bugawa a ciki, za ka iya riƙe ta da hannu labule yana gudu a 1/15 na daƙiƙa hoto bai girgiza ba, wanda ke rage zafin ƙarancin haskensa.

Sai dai da na wanke fim ɗina na farko da shi, na shimfiɗa nagatif a jikin taga, dariya ta kama ni. A hotuna bakwai cikin 36 akwai ɗan yatsana a kusurwar dama, ya yi baƙi ƙirin kamar gindin bishiya. A uku akwai igiyar kyamara. A waɗanda na ɗauka da hantsi kuwa ga inuwata a miƙe har tsakiyar hoto, hannu a ɗage. Na tsaya nisan da na saba tsayawa don ɗaukar wani mai gyaran takalmi, kamar taku biyar, sai ga shi ya fito ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, sauran fili duk ƙasa ce da sama. Wannan gilashi sai ka matso har ka ji numfashin mutum kafin ya cika hoto, kuma ba kowa ke son a kawo masa kyamara kusa da hanci ba, balle dattijo ko matar aure. Idan ka matso ɗin ma, wanda ya faɗa gefe kansa zai miƙe kamar gwanda. Ka ɗan ɗaga bakin kyamara sama kaɗan, gine-gine su jingina baya kamar za su faɗi. Shi ya sa aka yi masa 'yar na'urar daidaito mai ruwa, irin ta magina, da ake ɗorawa kusa da taga. Kusurwoyinsa suna yin duhu, musamman a buɗe. Samfurin mai zare ba shi da wurin ɗaura filta. Ma'aunin haske ma sai ka yi hattara da shi, domin sararin sama yakan cinye rabin hoto ya sa ma'auni ya ce haske ya yi yawa, fuskoki su fito duhu. Ni na kan sunkuyar da kyamara in auna ƙasa tukuna. Bayan wata biyu na lura da wani abu da ya fi duk waɗannan damuna: hotunan sun fara kama da juna. Kasuwa, gona, tsakar gida, duka da kammani ɗaya, gaba ya kumbura baya ya gudu. Wanda ke kallo yakan fara cewa "kai, wane irin gilashi ne wannan?" kafin ya tambayi waye a hoton.

Na 25 ba ya sa kowa ya ce kai. Ƙarami ne har ka manta yana jikin kyamara, yana ganin digiri 82. Abin da ya bambanta shi, wanda kuma ya sa nake ganin shi ne aka yi wa wannan kyamara kamar yadda ake ɗinka wa mutum riga, shi ne zoben nisansa yana tsayawa ƙyas a wurare uku: mita 1, mita 1.5, mita 3. Yatsanka ne ke ji, ba sai ka duba ba. Yi lissafin a f/8 ka ga hikimar. A tsayawar mita 1, kaifi yana daga kusan santimita 75 zuwa mita 1.6. A mita 1.5, daga kusan mita ɗaya zuwa uku da rabi. A mita 3, daga mita 1.4 har ƙarshen gani. Kowanne ya hau kan na kusa da shi, babu gurbin da aka bari. Ke nan tambayar "mita nawa ne?" ta koma tambaya mai sauƙi: mutumin yana inda hannuna zai kai, ko taku biyu, ko can gaba? Ko a buɗe gaba ɗaya a f/4, tsayawar mita 3 tana riƙe daga kusan mita biyu zuwa bakwai. Na kan saita shi kyamarar tana rataye a ƙirjina, ina gaisawa da mutum, in ɗaga in latsa kafin murmushin gaisuwa ya bushe a fuskarsa.

Ga wata dabara da ke tafiya da shi. Tsayin fim milimita 24 ne, gilashin 25 ne, kusan daidai. Ma'ana, tsayin abin da hoto zai ɗauka daidai yake da nisanka daga wurin, faɗin kuma ya kusa ninki ɗaya da rabi. Ka tsaya mita biyu daga mutum, ka san mita biyu ne daga ƙasan hoto zuwa samansa, zai shiga daga hula zuwa takalmi da ɗan sarari. Da zarar wannan ya zauna maka a kai, za ka iya cire tagar ka sa a aljihu, ka ɗauka daga ƙugu. Idonka ma ya riga ya san wannan faɗin, don babbar kyamarar yawancin wayoyin hannu na yanzu tana ganin kwatankwacin milimita 24 zuwa 26 ne. Shekarun da ka yi kana ɗaukar hoto da waya, ashe horo kake yi.

Aibinsa guda ne babba, kuma sai gaba yake bayyana: ba ya magana da ma'aunin nisa. A jikin L wannan ba komai ba ne, tunda babu ma'aunin. Amma ran da ka ƙara kuɗi ka sayi Bessa R, wadda ta fito a 2000, ko wata Leica, zai hau, zai yi hoto, sai dai ma'aunin kyamarar ba zai motsa ba, za ka ci gaba da ƙiyasi kamar da. Ba ya kuma matsowa ƙasa da santimita 70, alhali na 15 yana kaiwa 30.

A nan ne Color-Skopar na 21 mai f/4 ke shigowa, wanda ya biyo bayansu a 2001. Girmansa kusan ɗaya da na 25, yana karɓar filta ta milimita 39, yana matsowa har rabin mita, kuma yana haɗuwa da ma'aunin nisa. Ganinsa wajen digiri 90 ne. Milimita huɗu a takarda kamar ba komai ba, amma a mita biyu na 25 yana ɗaukar faɗin mita 2.9, na 21 kuma 3.4, kuma wannan rabin mitar ita ce iyaka tsakanin hoton da ke kama da ganin ido da wanda ya fara nuna halin gilashi. Mutum a gefen hoto ya fara miƙewa, bango ya fara jingina idan ba ka daidaita hannu ba, amma ba kamar na 15 ba. Yafiyarsa ta nisa ta fi ta 25, sai dai ba shi da tsayawar nan uku, zoben sulɓi yake tafiya, dole ka sunkuya ka duba lamba. Wanda ya fi ɗaukar gine-gine da cikin ɗaki da fili, kuma ya san L matakala ce kawai zuwa wata kyamarar, na 21 ne nasa, ba na ja. Wanda ya fi ɗaukar mutane, na 25 ya fi masa ladabi ga fuska.

Akwai na 12 mai f/5.6, digiri 121. Duk abin da na faɗa kan na 15, ka ƙara masa gishiri. Ban ga dalilin da zai zama gilashin farko na kowa ba.

Da ka haura 25, kowane taki kana biyan haraji. Na 28, irin Color-Skopar mai f/3.5 ko tsohon Canon mai zare, har yanzu yana cikin abin da ido zai iya: a f/8 ka bar zobe a mita uku ka manta da shi, muddin babu wanda ya matso ƙasa da mita ɗaya da rabi. Ba zan hana kowa ba, musamman wanda ya riga ya saba da 28 a wata kyamarar. Na 35 shi ne bakin iyaka a wurina. Da rana tsaka lafiya lau, kuma yana da tasa dabarar, domin faɗin hoto daidai yake da nisanka. Amma me ya sa mutum zai biya kuɗin gilashin da ƙofarsa ke buɗewa har f/2.5 idan ba zai iya amfani da ita ba? A mita biyu, a buɗe, kaifinsa rabin mita ne kacal. Za ka dace a wasu, ka faɗi a wasu, kuma ba za ka san wanne ba sai bayan wanki, lokacin da amarya ta daɗe da tarewa.

Na 50 kuwa yana jan mutane ne saboda araha. Gilasan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, irin Jupiter-8 mai f/2 da Industar-61, suna cike a kasuwar kayan hannu, zarensu ɗaya da na L. Har akwai wani abin sha'awa: ɗan saɓanin da ake kuka da shi tsakaninsu da ma'aunin nisa na Leica bai shafe ka ba, tunda kai ba ka da ma'aunin. Na gwada. Don dutse da bishiya da gini mai nisa, a f/11, ya yi kyau. Don hoton mutum sai da na koma auna ƙasa da taku kamar mai sayen fili, ina roƙon mutum kada ya motsa. Ana sayar da ƙaramin ma'aunin nisa na ɗorawa, amma mazaunin L ɗaya ne, taga ta riga ta zauna a kai. Leica Ic da If su ne masu mazauni biyu, daidai saboda wannan. Za ka iya sayen adafta mai baki biyu, ka ɗora taga, ka ɗora ma'auni, ka leƙa nan, ka karanta lamba, ka murɗa zobe, ka leƙa can. A lokacin ka gina wa kanka kyamara mai ma'aunin nisa ta hanya mafi wahala da tsada. Gara tun farko ka sayi wadda aka haifa da shi.

Wani zai ce duk wannan lissafi a kan f/8 aka gina shi, ina za a sami hasken? A waje ba matsala. Da fim mai ISO 400 (lambar saurin fim wajen karɓar haske), irin HP5 Plus na Ilford ko Tri-X na Kodak, rana tsaka tana ba ka f/16 a 1/500, wato f/8 a 1/2000, iyakar gudun labulen ke nan. A ƙasa mai rana irin tamu haske ma yawa yake yi, fim mai ISO 100 ya wadatar, f/8 a 1/500. Inda ake jin jiki shi ne bayan magariba. A ɗaki mai fitila sosai, f/4 da fim 400 za su kai ka wajen 1/15, hannunka zai iya riƙewa amma yaro ba zai tsaya ba. Duk gilasan nan masu faɗi, 15 da 21 da 25, ba na dare ba ne. Wanda aikinsa bikin dare ne, ko ya ɗaura filasha, wadda ita ma mazaunin tagar take nema, ko ya nemi wata kyamarar. Gilashi mai haske ba zai cece shi a jikin L ba, don hasken da ya samu a ƙofa zai biya shi da kaifi.

Kafin ka miƙa kuɗi, duba bakin gilashin sau biyu, don a nan aka fi tafka asara. An sake fito da 15 da 21 da 25 da bakin M, wanda ake zurawa a murɗa kaɗan ya kulle. Waɗannan ba sa hawa L, kuma babu adaftar da za ta sa su hau, domin bakin M ya fi kusa da fim da milimita ɗaya. Akasin haka ne ke yiwuwa: gilashi mai zare yana hawa kyamara mai bakin M da siririn zobe. Ke nan mai zaren ya fi tafiya da kai duk inda ka koma. Sannan ba duk zare mai milimita 39 ne naka ba. Tsoffin kyamarorin Zenit na farko suna da zare irin wannan, amma gilasansu an yi su ne don tazarar da ta haura milimita 45. Zai murɗu daram, hoto kuma ya fito hazo. Gilasan injin buga hoto ma zarensu 39 ne, ba su da zoben nisa sam. Jupiter-12 na 35, wanda aka kwaikwayo daga tsohon Biogon na Zeiss, bayansa yana nutsewa can cikin kyamara har kusa da labule. Idan ka ji ya cije kada ka tilasta, kuma ko ya shiga yakan tare ma'aunin haske. Masu naɗewa cikin jiki, irin tsohon Elmar da Industar-22, ka bar su a miƙe.

Ita kanta tagar, kada ka ɗauke ta a matsayin gyara da ake ƙara wa mai sayen goro. Na 15 da 21 da 25 masu zare duk da tagarsu aka sayar da su a kwali ɗaya, amma shekaru sun ja, da yawa sun rabu. Na taɓa ganin na 21 da farashi mai daɗi a wurin wani mai sayarwa, na yi murna na biya, sai da ya iso na gane babu taga a ciki. Laifina ne, ban tambaya ba, hotunan tallar ma ba su nuna ta ba. Kuɗin da na kashe kafin in samo ta ita kaɗai ya cinye rangwamen har ya ɗora. Na 28 da 35 da 50 kuwa galibi daban ake sayen tagarsu tun asali, sai ka haɗa kuɗin biyu kafin ka ce wane ya fi araha. Akwai tagar Sobiyet mai juyawa wadda ta haɗa 28, 35, 50, 85 da 135 wuri ɗaya, tana aiki, amma a saman L kamar an ɗora wa ɗan akuya tulu take, kuma ba ta kai 25 ba. Idan kana sa tabarau, leƙa tagar da tabaranka kafin ka saya, ka ga ko kana ganin kusurwoyi huɗu ba tare da yawo da ido ba. Ka kuma gwada ƙafarta a mazauni. Mai sako-sako za ta zame ta faɗi ran da ka sunkuya ɗaure takalmi.

Hanya mafi araha ta raba gardama tana aljihunka. Ɗauki mako guda kana hoto da wayarka a 1x kawai, wannan shi ne kusan 25. Mako na biyu ka koma 0.5x, wanda a yawancin wayoyi yake tsakanin 13 da 16, wato unguwar na 15. Kada ka yanke hoto, kada ka jawo shi. Ranar ƙarshe ka zauna ka ƙirga waɗanda za ka yarda ka kashe musu fim da kuɗin wanki, tunda a fim kowane latsi kuɗi ne. Idan na mako na biyu suka fi yawa, kai ɗan 15 ne, ka saya, ka koyi naɗe yatsunka. Idan ka ga kana ta son 1x ta ƙara faɗi kaɗan, kuma kana da niyyar sayen kyamara mai ma'aunin nisa nan gaba, nemi 21.

Ni da za a ce in fara daga farko da gilashi ɗaya, 25 zan ɗauka, mai zare, da tagarsa. Na 15 yana nan a jakata cikin tsohuwar safa, na kan fito da shi sau uku ko huɗu a shekara, idan na shiga wurin da bango ya hana ni ja da baya. Da hunturu ma ba na son kwance gilashi a waje, don da ka cire shi babu abin da ke tsakanin ƙura da labule. Saboda haka na 25 yake kwana a jikin kyamarar, ƙofa a f/8, zobe a tsayawar mita 3, kuma fentin wurin da babban yatsana ke taɓawa har ya fara gogewa.